Tukwanen Darakta

A shekarar da tattalin arziki ya durƙushe, har ɓeraye suka fara ƙaura daga gidajen mutane don ba abin da suke samu sai wahalar hawa da sauka, an yi wani mutum a wata unguwa wai shi Darakta. Ba a taɓa naɗa shi daraktan komai ba. Masinja ne a masaƙa, aikinsa ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kafin a garƙame masaƙar a sallami kowa. Amma tun ranar da ya riƙe wa babban manaja jaka daga mota zuwa saman bene, bai ƙara yin magana irin ta talakawa ba. In ka ce masa yau ana zafi, sai ya ce ai sun tattauna batun a sama. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Darakta don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in ka kira shi da sunansa na gaskiya ba ya waiwayowa.

Kullum da safe sai ya zura kwat ɗinsa ta aiki, wadda gwiwar hannunta ta fara ƙyalli don tsufa, ya tafi shagon mai aski ya hakimce a benci. Ba aski ke kai mutane shagon ba, kowa ya bar gashinsa ya yi yadda ya ga dama. Rediyo ake zuwa saurare, ko za a ji wani abu mai kama da sauƙi.

Ran nan kuwa aka ji. Mai karanta labarai ya ce gwamnati ta dubi halin da jama'a ke ciki, za ta raba tallafin abinci, buhun hatsi da galan ɗin mai ga kowace tukunya. Jami'ai za su bi gida-gida su gani da idonsu, kuma duk gidan da aka kama da ha'inci za a soke shi gaba ɗaya.

Shago ya ɗauki hamdala. Ban da Darakta. Ya lumshe ido, yana kaɗa ƙafa, yana wani murmushi mai ban haushi.

Mai aski ya ce, "Darakta, yaya dai? Ko kai ka ba su shawarar?"

"Ban ce ba, ban kuma ce a'a ba. Amma ku faɗa mini, me kuka ji an ce?"

"An ce kowane gida buhu ɗaya."

"Ka ji irinta ko! Shi ya sa za ku mutu a talakawa. Wa ya ce gida? Tukunya aka ce."

Bakanike, wanda garejinsa ya koma wurin kwanan awaki tun da motoci suka daina tafiya, ya ce, "To ai duk ɗaya ne. In an ce mutane tukunyarsu ɗaya, ai tare suke ci. Ko ɗan yaye ya san wannan."

"Ɗan yaye bai yi aikin ofis ba. Ita gwamnati ba ta magana a dunƙule. Abin da ta furta shi ne doka. Da gida take nufi, bakinta ciwo yake da ba za ta ce gida ba?"

Ya miƙe ya karkaɗe kwat. Mai aski ya bi shi da ido, ya ce wa bakanike, "Ranar da jami'an nan za su zo, ko gawa ce a gidana ba zan rasa kallon nan ba."

A gida, matarsa na durƙushe a madafa tana kaɗe ƙasan kwandon wake, tana tsince abin da ya maƙale a saƙarsa. Yaransu uku sun saba da ci sau ɗaya a yini, ƙaramar ma ta daina tambaya. Labarin tallafi ya riga shi isowa, fuskar matar har ta ɗan saki.

"Baban yara, ka ji abin arziki? Buhu guda! In na lallaɓa shi zai kai mu nesa."

"Buhu guda? Uwar yara, kina auren Darakta kina maganar buhu guda? Ki fara tunanin inda za mu jibge tara."

Ya zayyana mata shirin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ajiye kwandon a hankali.

"Ka ji an ce wanda ya yi ha'inci za a soke gidansa?"

"Wannan ba ha'inci ba ne, fahimtar doka ce."

"To ka fahimce ta a tsakar gida. Ni tukunyata ɗaya ce, ga ta nan, ita uwata ta ba ni. Ka taɓa ta ka ga yadda ake sallamar darakta karo na biyu."

Bai taɓa ba. Ya ce dama ƙaramar tukunya ce, za ta ɓata masa tsari.

Ya fita aro. Abin da bai lissafa ba shi ne kowane gida na jiran jami'ai, kowa na kaffa-kaffa da tasa tukunyar kamar jaririya. Ya fara da Gwaggo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda kunnenta ya yi nauyi amma bakinta bai san tsufa ba.

"Gwaggo, aron tukunya na zo."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tukunya! Taro zan yi."

"Taro? Kai da matarka ta zo aron gishiri jiya? To wa za ka dafa?"

Ya bar gidan ana yi masa dariya ta katanga. Haka ya zaga unguwa, bai samo ko murfi ba. Daga ƙarshe ya dangana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda ya tara matattun tukwane a bayan shago. Kuɗi babu, don haka aka yi musaya: Darakta ya tuɓe takalmansa na ofis, ya dawo gida da silifa wari da wari, yana jan buhu mai ƙara kamar an saki mahaukacin maƙeri. Tukwane takwas ya samo. Wata ba kunne, wata ta lotse kamar jaki ya zauna a kai, wata kuwa in ka ɗaga ta sama kana hango taurarin rana ta gindinta.

Ta taran a garejin bakanike ya samo ta, wata ƙatuwa baƙa ƙirin.

"Darakta, wannan fa baƙin mai nake tarawa a ciki. Ko ka wanke ba ta fita."

"Gwamnati ta ce tukunya mai tsabta? Kawo."

Saura itace, don ya ce jami'in gwamnati ba ya yarda da tukunyar da ba ta kan wuta. Itace kuwa a shekarar ya yi tsadar da sai ka yi sallama kafin ka taɓa shi. Darakta ya tsaya a tsakar gida ya dubi dukiyarsa da idon basira. Benci ya fara tafiya. Sai kujerar da ta rage. Matar ta leƙo ta ga yana kwance ƙyauren ɗaki.

"Ƙofar kuma fa?"

"Mai buhu tara ƙofar ƙarfe zai saka."

"To gadon da kake wa kallon nan, in ka sare shi a kan buhunan za mu kwana?"

"Kin ga, har kin fara tunani irin na manya."

Gado ya bi ƙyaure.

Ranar da aka ce jami'ai za su shigo unguwa, tun da sassafe ya jera duwatsu, ya ɗora tukwane tara sahu guda, ya cika su da ruwa. Ruwan ya fara bin ƙasa ta huji-huji. Ya ruga ya ɗauko sabulun wankin matarsa, ɗan guntun da take ɓoyewa, ya yayyanka ya liƙe hujojin ta ciki. Sai kuma ya ga ruwa zalla ba ya ƙara irin ta abinci, ya tsinto ɓaraguzan bulo ya jefa a kowace tukunya don a ji ƙwal-ƙwal kamar ana dafa ƙashi. Ya rufe su da abin da ya samu, wata faranti, wata murfin bokiti, wata tsohon kwanon rufi. Ya hura wuta.

Fentin gado da na ƙyaure suka kama. Hayaƙi ya turnuƙe, ya tashi sama ginshiƙi tara.

To, a shekarar yunwa hayaƙi labari ne. Mutane sun daɗe ba su ga gida ɗaya ya tada wuta biyu ba, balle tara. Wani ya ce sadaka ake yi. Wani ya ce Darakta ya karɓi kuɗin sallamarsa. Kafin labarin ya kai bakin titi, an ce sa biyu aka kayar. Darakta na durƙushe yana fifita wuta da murfin kwali, idanu jawur, ya ji hayaniya. Ya leƙa waje, sai ga layi ya miƙe daga ƙofar gidansa har ya sha kwana, kowa da kwano a hannu. Gwaggo ce a gaba, ta zo da kwano biyu.

"Ɗan albarka! Ashe da gaske kake. Na ce wa za ka dafa, ka yafe mini. Naman ya yi laushi? Ka san ba ni da haƙora."

A nan ne ya kamata mutum ya ce, jama'a ku yi haƙuri, ruwa ne. Darakta ya buɗe baki da niyyar faɗin wani abu mai kama da haka. Sai mai aski, wanda tun ɗazu ya leƙa ta katanga ya ga komai, ya ɗaga murya daga cikin taro:

"Darakta uban marayu! Wanda ya riga gwamnati tausayi! Ku matsa masa ya sha iska!"

Taro ya amsa. Wata mata ta ɗaga jaririnta don ya ga mutumin kirki. Darakta ya ji wani abu ya taso masa daga tafin ƙafa har ƙeya, abin da bai ji ba tun ranar jakar manaja. Ya gyara wuyan kwat, ya ɗaga hannu ɗaya.

"Ku kwantar da hankalinku. Bai nuna ba tukuna."

Ya koma ciki da sauri. Matarsa na tsaye a bakin madafa, ta harɗe hannu.

"Me ka ce musu?"

"Na ce bai nuna ba. Ƙarya na yi? Bulo yana nuna?"

"In suka gaji da jira, kai za su cinye."

"Jami'ai na zuwa in karɓi buhuna, in ɗan yafa musu wani abu. Komai a lissafe yake."

Ana cikin haka sai ga jami'ar tallafi. Mace ce mai tabarau da jaka a kafaɗa, ta yini tana shiga gidajen da murhunsu ya yi sanyi har kyanwa na kwana a ciki, zuciyarta duk ta karye. Ta ratsa layi da ƙyar, jama'a suka biyo ta suka cika tsakar gida. Ta ga tukwane tara na tafarfasa, ana jin ƙwal-ƙwal. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Wane ne maigidan?"

"Ga ni, Malama. Darakta. Mun yi aiki da na sama, wataƙila kin taɓa jin sunana."

"Waɗannan tukwanen fa, na waye?"

Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da ƙarfi don kada a ce an yi kuskure. "Tara. Duka nawa ne. Ba na aro ko ɗaya, ban da waccan baƙar." Ya matso kusa ya rage murya, ya ɗan kashe ido irin na waɗanda suka san doka. "Kin ga buhu tara ke nan, Malama."

Jami'a ta dafe ƙirji. "Buhu tara! Jama'a kun ji? Buhu tara bawan Allahn nan ya ɗora muku, daga aljihunsa, a wannan shekara!"

Tsakar gida ta ɗauki sowa. Mai aski ya fi kowa, har da hawaye, ko da yake ba na tausayi ba ne.

"A'a, Malama, nufina..."

"Kada ka ce komai, Alhaji. Masu alheri ba sa son a faɗa. Irinku muke nema. Gidan nan ba ya bukatar tallafi, shi ne ma tallafin. Zan kai sunanka sama, a faɗe shi a rediyo."

A rediyo. Darakta ya hango shagon mai aski cike, ana kiran sunansa, bakanike na sunkuyar da kai. Ya kuma hango matarsa ta gefen ido, tana yi masa kallon da ya fi wutar gadon zafi. Ya tsaya tsakanin buhu da rediyo, gumi na bin wuyan kwat. Ya yi gyaran murya.

"To... ai yi wa kai ne. Mu da Allah ya ɗaukaka, in ba mu duba na ƙasa ba, wa zai duba?"

Daga madafa aka ji wani abu ya faɗi, kamar ludayi.

Jami'a ta naɗe hannun riga. "Bari in sa albarka. Ni zan zuba wa tsohuwar nan da hannuna. Kawo kwanonki, Iya."

"Malama, bai gama..."

Ina! Ta riga ta ɗaga murfin bokitin. Wata farar kumfa ta taso, ta yi tozo, ta gangaro gefen tukunya tana tsiri-tsiri a wuta.



Darakta ya ce, "Kumfar nama ce. Naman manya haka yake yi."

Gwaggo ba ta jira bayani ba. Ta tsoma yatsa ta kai baki. Fuskarta ta tattare wuri guda kamar bakin jaka.

"Sabulu! Wallahi sabulu ne! Kai, wanki za ka yi mana a ciki?"

"Tsabtace ciki ake fara yi, Gwaggo, likitoci sun..."

Jami'a ta buɗe ta biyu. Ta sa ludayi ta laluba, ta ɗago rabin bulo yana tururi. Ta dube shi, ta dubi Darakta.

"Wannan kuma ƙashin wace dabba ce?"

Bakanike ya ce daga baya, "Ta gini ce, Malama."

Kafin dariya ta gama fashewa, baƙar tukunya da ke ƙarshen sahu ta yi nata jawabin. Ruwanta ya ƙone tun ɗazu, tsohon man da ya kama gindinta ya yi zafi. Sai ji aka yi fuu! Wuta ta tashi sama, ta lashi igiyar shanya, ta kama rumfar kara da ke jikin katanga.

"Gobara! Gobara!"

Aka rasa ruwa, don duk ruwan gidan yana kan wuta. Bakanike ya naɗe hannu da riga ya sungumi tukunya ɗaya ya watsa wa rumfa. Wani ya ɗauki ta kusa da ita. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma bakanike ya kife baƙar da ƙasa. Kowace aka juye, ruwa ne da kumfa da bulo. Ba ƙwayar hatsi ko ɗaya. Wuta ta mutu, tsakar gida ta koma taɓo mai santsi, jama'a na tsaye da kwanoni a hannu suna kallon abincinsu yana bin lambatu.

Darakta ya taka tsakiyar fili, gira ɗaya ta ƙone, kwat ta yi baƙi. Ya ɗaga yatsa.

"Kun gani ko? Da abinci ne a ciki, da me za a kashe wutar? Wannan shi ake kira hangen ne..."

Silifarsa ta taka kumfa. Ƙafafu suka yi sama, Darakta ya zauna daɓas a cikin taɓo.

Unguwar nan ta daɗe ba ta yi dariya ba, sai ta biya bashi a ranar. Har waɗanda suka zo da yunwa suka riƙe ciki. Gwaggo kaɗai ba ta yi ba, tana ta tofar da yawu tana neman wanda zai riƙe mata kwano ta samu hannun duka.

Jami'a ma ba ta yi dariya ba. Mai aski ya matso ya warware mata zancen, tun daga maganar tukunya a rediyo. Ta cire tabarau, wannan karon ba ta goge ba.

"Wato buhu tara za ka karɓa, ba bayarwa ba. Ka san gidaje nawa ka so ka cinye wa rabo? Ka kuma ji abin da aka ce game da ha'inci." Ta zaro biro. "An soke gidan nan."

Dariya ta ɗauke. Kowa ya san yaran gidan, kowa ya san ba su suka sare gado ba. Darakta na zaune a taɓo, ya sunkuyar da kai.

"Malama."

Matarsa ce. Ta fito daga madafa, ba ta ɗaga murya ba.

"Kafin ki soke, ki leƙo nan."

Jami'a ta leƙa. A lungu, kan 'yar wutar tsinken kara, ƙaramar tukunya na tafasa a hankali. Matar ta ɗaga murfi. Wake ne, wanda bai fi cikin tafi biyu ba, yana iyo a ruwa mai yawa. Yara uku na zaune a jikin bango, idonsu a kan tukunyar, ko gobarar ba ta tashe su ba.

"Wannan ita ce tukunyar gidan nan. Waɗancan tara nasa ne, ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a. Ki soke su duka, ba ruwana."

Jami'a ta daɗe tana kallon waken. Sannan ta gyara riƙon biro.

"Wa ke ci a wannan?"

"Ni da yaran nan uku."

"Babba ɗaya, yara uku. Su yara ana ƙara musu da madara." Ta rubuta. Ta waiwaya ta dubi mutumin da ke cikin taɓo. "Shi fa? In sa shi?"

 Darakta ya yunƙura zai yi magana, ya ce shi mutum kamarsa ba ya bukatar a sa shi a ko'ina. Cikinsa ya riga shi. Ya yi wata doguwar ƙara mai lanƙwasa, wadda ko Gwaggo sai da ta ji.

Matar ta dube shi, daga ƙonanniyar gira har silifa wari da wari. Ta ja numfashi.

"Sa shi, Malama. Amma ki rubuta shi cikin yara."

"Cikin yara? Madara fa za a ba shi."

"A ba shi. Wa ya sani, ko ya girma."